Bashin da Ke Cikin Jininmu

Tun daga watan Mayun 2024, lokacin da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a kan dokar gwajin lafiya kafin aure, wata 'yar takarda ta shiga cikin kayan ɗaurin aure a Jihar Kano. Ga goro, ga alawa, ga sadaki, ga kuma takardar asibiti. Mu ma a Ɗambatta haka abin yake. Waliyyi zai zaro ta daga aljihu, a duba ciwon hanta, a duba ƙanjamau, sannan ido ya sauka a kan haruffa biyu: AA, ko AS, ko SS. Dattijon da bai taɓa zama a ajin boko ba, yau ya san in AS ta haɗu da AS akwai magana.

Mun karɓi takardar, kuma mun yi daidai. Labarin da ke bayanta ne har yanzu muka bari a waje. Ana koyar da shi a jami'a, a Bayero da Wudil da Zariya, ga ɗaliban kimiyyar halittu, ƙarƙashin wani suna da yaranmu ba sa son furtawa a gida, wato juyin halitta. In yaro ya zo hutu kawunsa ya ce, "Ɗan boko, me ake karanta muku a can?" sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ilimin jini ne da ƙwayoyin cuta." Bai yi ƙarya ba, rabi dai ya ɓoye. Ya san da zarar ya ambaci sunan, majalisa za ta ɗauka cewa ai su ne masu cewa biri ne kakanmu, daga nan kuma babu mai sauraron saura.

To, ya dace mu ɗauki sakamakon wani ilimi mu raba saurayi da budurwa da shi, alhali mun toshe kunne daga bayanin da ilimin ya zo da shi? Mu dai muna ganin bai dace ba. Takardar nan, in aka bar ta ita kaɗai, tana iya yanka wanda aka yi ta don a kare.

Bari mu leƙa ajin. A cikin ƙwayoyin jikin ɗan Adam akwai wani dogon rubutu da ake kira DNA, mai haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. Kowannenmu ya gaji kimanin haruffa biliyan 3 daga uwa, wasu biliyan 3 daga uba. Duk haihuwa sai an kwafi rubutun, mai kwafi kuwa ba ya rasa tuntuɓe. Wanda ya san yadda malaman da suke kwafar littattafan fiƙihu da hannu zai gane abin nan take. In wani almajiri a Katsina ya tsallake ɗigo ɗaya, duk wanda ya kwafa daga nasa zai ɗauki kuskuren, haka wanda ya kwafa daga na biyun. Bayan shekara ɗari biyu, mai bincike zai iya jera kwafe-kwafen, ya bi kurakuran da suka yi tarayya a kai, ya faɗi wanne ya fito daga wanne. Aikin ɗalibin juyin halitta a matakin ƙwayar gado ke nan, ba wani tsafi ba. A 1962 Emile Zuckerkandl da Linus Pauling suka kwatanta sinadarin jinin dabbobi daban-daban, suka lura cewa yawan bambanci yana tafiya da tsawon zamanin rabuwa. A 1968 wani masani ɗan Japan, Motoo Kimura, ya kawo hujjar cewa galibin waɗannan sauye-sauye ba cas ba as ne, ba su cutar ba su amfanar. Kaɗan ne ke da nauyi. Namu yana cikin kaɗan ɗin.

Sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jan jini, himogulobin, yana da wata sarƙa mai ƙulli 146. Umarnin ƙulli na shida a rubuce yake da haruffa uku, GAG. A jikin wasunmu harafin tsakiya ya sauya, ya koma GTG. Shi ke nan, babu ƙari. Wanda ya gaji sauyin daga ɓangare ɗaya shi ne AS, lafiyarsa lau. Wanda ya gaje shi daga uwa da uba shi ne SS: in iska ta yi ƙaranci a jikinsa, ƙwayar jinin da ya kamata ta zama zagayayya mai laushi sai ta ƙage ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, ƙashi ya ɗauki ciwon da mai shi kaɗai ya san zafinsa. Kalmar sikila ma daga sunan lauje a Turanci ta fito. Lafiyayyar ƙwayar jini takan yi kwana 120 tana aiki, ta mai sikila da ƙyar take kai kwana 20. Wani likita a Shikago, James Herrick, shi ya fara bayyana siffar laujen a 1910, a jinin wani ɗalibi baƙar fata daga tsibirin Girenada. A 1949 Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar a cikin sinadarin kansa take, a 1957 kuma Vernon Ingram a Kambirij ya sa yatsa a kan ƙullin.

Nan ne tambayar da ta fi kowace daɗi a ajin take tasowa. Abin da ke kashe mai shi tun yana yaro, kafin ya yi aure ya haihu, ai kamata ya yi ya ƙare da kansa, kamar irin da ba ya kai wa ga girbi. Me ya sa wannan bai ƙare ba? Me ya sa a rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 aka ƙiyasta kashi 24 cikin 100 na 'yan Nijeriya suna ɗauke da shi, ana kuma haifar jarirai kimanin 150,000 da cutar duk shekara? Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya ba da amsa a 1954. Ya ga cewa harafin ya fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani, kuma yara masu AS sun fi 'yan uwansu masu AA jure wa zazzaɓin. Binciken da aka yi daga baya a Gambiya da Kenya ya nuna kariyar daga mummunan zazzaɓi, irin mai sa jijjiga da ƙarewar jini, ta kai kusan kashi 90 cikin 100.

Ba sai mun je Kenya ba. Ɗaya daga cikin hujjojin da duniya ke kafawa da su a kan wannan batu, a maƙwabtanmu aka tattara ta. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da wani babban aiki a ƙasar Garki, gabas da mu, wadda yau take Jigawa amma a lokacin Kano ce. An yi feshin maganin sauro a ɗakuna, an raba ƙwayoyi ga gari guda, an yi ta ɗibar jinin mutanen ƙauyuka shekara da shekaru don a ga ko za a iya katse zazzaɓin gaba ɗaya. Ba a iya ba. Ya ragu ƙwarai, da aka daina kuma ya dawo. Amma a cikin jinin da aka ɗiba, Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa sun duba haruffan nan namu, suka wallafa abin da suka gani a 1979.

A cikin jarirai sabbin haihuwa, kimanin 2 cikin 100 SS ne. A cikin manya kuwa da ƙyar a sami ko ɗaya. A cikin jarirai kimanin 24 cikin 100 AS ne, a cikin manya kimanin 29. Mai karatu, tsaya a kan lambobin nan kaɗan. Babu wanda harafinsa ke sauyawa bayan an haife shi. To ina masu SS suka tafi? Maƙabarta. Daga ina kuma ƙarin masu AS ya fito? Ba su ƙaru ba, masu AA ne zazzaɓi ya fi ɗauka tun suna goye, sai kason waɗanda suka rage ya karkata. Ga wani lissafi da ɗan sakandare zai iya yi a bayan littafinsa. In 29 cikin 100 na maza AS ne, haka ma mata, to kimanin aure 8 cikin 100 zai haɗa AS da AS. Kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu SS ne. Kashi ɗaya cikin huɗu na 8 shi ne 2. Daidai abin da aka tarar a jarirai. Abin da littattafan Turai ke kira zaɓin yanayi, wanda muke ji kamar tatsuniyar wata duniya, an auna shi a jinin manoman gero da dawa masu magana da harshenmu, waɗanda wasunsu ƙila sun sha kawo dabbobi kasuwarmu ta Lahadi. Sauro yana rage AA ta wannan gefe, sikila tana rage SS ta wancan, AS tana tsaye a tsakiya, shi ya sa harafin bai ƙare ba kuma bai mamaye kowa ba.

Tun yaushe? A 2018 Daniel Shriner da Charles Rotimi, wani masani ɗan Nijeriya da ke aiki a Amurka, sun bi sawun kurakuran da ke kewaye da harafin a jinin dubban mutane, suka ce sau ɗaya tak sauyin ya faru, a jikin mutum ɗaya, kimanin shekara 7,300 da suka wuce, zamanin da Sahara take da tafkuna da ciyayi. Shekara guda bayan haka wasu masu bincike a Faransa suka ce a'a, ya fi haka tsufa, ya kai shekara 22,000. Gardamar ba ta mutu ba, kuma irin wannan gardama ce ɗalibi ke zuwa jami'a don ya koyi yadda ake yin ta. Ko wanne ne daidai, mai S a Ɗambatta da mai S a Bamako da mai S a Jamaika, gadon gida ɗaya suke ɗauke da shi.

Yanzu mu dawo tsakar gida. Kakanninmu sun san macen da 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har suka ba abin suna, wabi. Sun raɗa wa yaran sunaye irin su Ajuji da Ayashe, wai ko mutuwa za ta raina su ta wuce. Ba kowane wabi ne sikila ba, ƙyanda da gudawa da zazzaɓin kansa sun ci nasu kason. Amma lambobin Garki sun isa su nuna mana cewa akwai gidajen da abin da ke bin su ke nan. Kuma mun san a kan wa zargi ke sauka. Nononta ne ba kyau. Jininsu ne ba kyau, daga gidansu ta kwaso. Kishiya ce ta yi mata asiri, ko tsohuwar nan ta bayan layi ce ta kama kurwar yaro. Mata nawa aka saka, tsofaffi nawa aka yi wa ƙazafin maita, saboda harafin da miji ya ba da rabi, mata ta ba da rabi? Yaro ba ya zama SS sai uba ya sa hannu. Wannan jimla ita kaɗai ta isa dalilin tura yaro jami'a.

Amma labarin bai tsaya ga wanke uwa ba, ya ɗora mana wani abu a wuya. In harafin nan ya yaɗu ne saboda ya ceci yara daga zazzaɓi, to al'ummarmu ta ci moriyarsa na dubban shekaru. Garuruwan da ke bakin fadama sun rayu, an yi noma, an hayayyafa, kuma wani ɓangare na wannan rayuwa ta hanyar S ya zo. Ko mu masu AA, in muka bi salsala, za mu tarar da kaka ko kakan kaka da ta tsallake daminar da ta kashe ƙannenta domin tana da shi. Ribar ta watsu cikin kowa. Kuɗin kuwa mutum biyu cikin ɗari aka bar wa su biya, da ƙashinsu. Yaron nan mai jajayen idanu masu ruwan ɗorawa, da ake kwana a kansa a babban asibitin Ɗambatta ana neman jini, bai jawo wa danginsa masifa ba. Bashin gari ne ya faɗo a kansa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, mu kuwa mun ci, mun ƙoshi, har mun manta a hannun wa muka karɓa.

Wasu sun riga mu karɓar takarda ba tare da labari ba, kuma an ga yadda ta kaya. A Amurka, bayan dokar yaƙi da sikila ta 1972, an yi ta gwada baƙaƙen fata ba tare da cikakken bayani ba. Jama'a suka kasa bambance mai ɗauke da harafin da mai cutar. Lafiyayyun mutane masu AS suka rasa aiki, kamfanonin inshora suka tsauwala musu, makarantar horar da hafsoshin sojan sama ta ƙi ɗaukarsu har zuwa 1981. A wani gari na ƙasar Girka mai suna Orkomenos, inda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutane ke ɗauke da harafin kamar mu, an gwada kowa, aka yi musu nasiha. Da masu binciken suka koma bayan shekara bakwai, sai suka tarar AS ta zama tabo. Iyalai na gudun masu ita, masu ita na ɓoyewa, auren AS da AS kuma bai ragu yadda aka yi fata ba.

Alamun haka sun fara bayyana a bakunanmu. Ka ji uwa na cewa ita ɗanta AA ne, don haka sai AA zai aura, kamar AS wani ƙazanta ne. Alhali AA da AS ba za su taɓa haifar SS ba. Kuma in aka fasa aure saboda takarda, saurayi yakan karkaɗe rigarsa ya nemi wata, yarinyar ce sunanta ke zagaya unguwa: ai ita ce mai jinin nan. Dokar 2024 ta hana tsangwamar masu sikila, amma doka ba ta zama a zauren da ake gulma. Inda AS ta zama abin kunya kuwa, za a sami mai neman takardar ƙarya da mai sayar masa, sai a koma gidan jiya da hatimin asibiti a kai. Akwai kuma abin da ɗalibin juyin halitta ya sani wanda mai riƙe da takarda bai sani ba. Gwajin aure ba zai kori harafin daga cikinmu ba. AA da AS rabin 'ya'yansu AS ne. Hasali ma, in muka yi nasarar hana haihuwar SS alhali sauro na nan a shinkafar dam ɗin Tomas da kududdufan damina, hanyar da harafin ke raguwa ce muka toshe, hanyar da yake ƙaruwa tana buɗe. Jikokinmu za su kasance AS kamar mu ko fiye. Wanda ke ƙyamar AS, kashi ɗaya cikin huɗu na masallacinsu yake ƙyama, yau da gobe.

Sai maganar kawu, wadda ba ta wasa ba ce. Ba za mu rufe wa mai karatu ido ba: ajin da ake koyar da labarin sikila, a nan ake koyar da cewa in aka jera rubutun jikin mutum da na sauran halittu, ana ganin kurakuran tarayya kamar na kwafe-kwafen littafi, kuma masana fannin sun tafi a kan cewa wannan alamar asali ɗaya ce. Ba su ce biri ya haifi mutum ba, amma abin da suka ce ɗin ma ya isa ya tayar da hankalin wanda ya tashi da ƙissar Annabi Adamu, alaihissalam. Malaman Musulunci na wannan zamani sun yi rubuce-rubuce a kai, galibinsu sun riƙe cewa halittar Annabi Adamu ta daban ce, sun kuma sha bamban a kan sauran halittu. Wannan fage nasu ne, kuma muna fata a cikinsu a sami waɗanda suka zauna a ajin biyu. Abin da muke iya faɗa shi ne, hana yaro shiga ajin ba ya kare masa imani. Wayar da ke hannunsa za ta kawo masa maganar cikin dare, daga bakin wanda bai san kimiyyar ba kuma ba ya ganin girman addinin. Gara ya ji ta da rana, daga malamin da zai nuna masa inda hujja ta tsaya da inda hasashe ya fara. Kuma sanin sababi bai taɓa kore Mai sababi ba a tarbiyyar da aka yi mana. Mun san hadari ke kawo ruwa, ba mu daina roƙon ruwa ba.

Kawun ma ai ya san juyin halitta, sunan ne bai sani ba. Shi ne ke ware zangarniyar da ta fi kyau ya ajiye don iri. Shi ne ke ƙorafin cewa maganin feshin da ke kashe tsutsar wake shekarun baya yanzu wanka take yi da shi. Shi ne ya sha kulorokwin yana saurayi ya warke, ya ba ɗansa bai warke ba, har Nijeriya ta sauke maganin daga sahun farko a 2005. Ƙwayar zazzaɓin ce ta sami nata sauyin harafi, masu shi suka tsira, suka cika duniya. Malawi ta janye maganin tun 1993, bayan wasu shekaru aka tarar ya dawo yana ci, domin da aka daina shan sa, sauyin ya zama kaya ba riba.

Shi ma ɗalibin akwai ramin da ke gabansa, har biyu. Na farko girman kai ne, ya dawo yana kallon kakarsa a matsayin jahila don ta ce wabi. Tsohuwar nan ta lura da abin da ke bin gida tun kafin a ƙera madubin likita, ta rasa bayani ne kawai, kuma ita ce ta yi jinyar da shi bai taɓa yi ba. Na biyu ya fi haɗari. Wanda ya saba da lissafin kaso yana iya fara ganin mutuwar yaran Garki a matsayin daidaito, wani tsari mai kyau da yanayi ya shimfiɗa. A takarda abin yana da kyan gani, gaskiya ne. Amma bayanin yadda abu ke faruwa daban, hukuncin ko ya dace daban. A farkon ƙarni na 20 an sami masu ilimi a Turai da Amurka da suka haɗa biyun, suka ce a bar rarrauna ya mutu ko a hana shi haihuwa don a tace jinsi, aka yi wa dubban mutane dandaƙa da sunan kimiyya, Jamus ta Hitila ta kai abin ƙarshensa. Sauro ba malamin tarbiyya ba ne. Daidaiton da ya kafa, aikinmu ne mu rushe shi.

Kuma ana iya rushe shi, an ma fara a Kano. Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Asibitin Murtala, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun yi shekaru suna auna gudun jini a kan yara masu sikila don gano waɗanda shanyewar ɓarin jiki ke barazana gare su, suna ba su wani tsohon magani mai suna haidiroksiyuriya. Sakamakon da suka fitar a 2022 ya nuna ko ƙaramin awo na maganin yana kare yaran. A ƙarshen 2023 kuma Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, maganin da ke shiga cikin rubutun jikin mutum ya yi gyara. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Ilimin da aka gina da jinin 'yan Afirka ya haifi magani, maganin kuma ya tsaya inda masu cutar suka fi ƙaranci. Wannan ma bashi ne, na duniya. Namu na gida bai kai haka tsada ba: a gwada jariri tun yana ɗanye maimakon a jira sai ya girma ya zo aure, a ba shi rigakafi da maganin kariya daga zazzaɓi, a rataya masa gidan sauro, masu lafiya su riƙa ba da jini ba sai an zo ana kuka ba. Garin da ke da makarantar ungozoma da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako bai rasa matasan da za su iya wannan bayani ba.

Saura mai wuyar. Saurayi AS, budurwa AS, shekara uku suna tare, an kai kuɗin gaisuwa. Me za a ce musu? Saudiyya ta wajabta gwajin a 2004 ta bar wa ma'aurata zaɓi, kuma a shekarun farko kusan 90 cikin 100 na waɗanda aka gargaɗa sun yi aurensu, galibi don an gwada su ne bayan an gama shiri. Darasin a fili yake, gwajin da aka yi ana saura mako biyu biki ya makara, tun a sakandare ya kamata kowa ya san harafinsa. Ga waɗanda suka riga suka makara kuwa, mu muna ganin haƙuri ya fi, domin wanda zai ɗauki ciwon ba ya wurin balle a tambaye shi. Sai dai a faɗa musu gaskiyar lissafin. Ɗaya cikin huɗu ba ya nufin in an haifi mai sikila ɗaya, ukun da ke biye sun tsira. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce. Akwai gidan da aka haifi shida babu ko ɗaya, akwai gidan da aka haifi uku duk suna da ita. Kuma a raba su cikin mutunci, a matsayin lafiyayyu biyu da kowannensu zai dace da wani, ba tare da an bar wa yarinya tabon ba.

Akwai kuma waɗanda ba a cika tunawa da su a wannan magana ba, masu SS da suka girma. Yanzu suna nan da yawa, sun yi karatu, suna koyarwa, suna kasuwanci, wasu na jami'ar ma. Da yawansu an riga an yanke musu hukuncin cewa aure ba nasu ba ne, wai kada su haifo irinsu. Ɗalibin da ya zauna a ajin nan zai iya tsugunawa a ƙofar gida ya zana gida huɗu a ƙasa da tsinke, kamar zai yi dara. A sama ya rubuta S da S, na yarinyar. A gefe ya rubuta A da A, na wanda ke son ta, bayan an tabbatar da gwajinsa a wurin da aka yarda da shi. Cikinta zai buƙaci kulawar asibiti sosai, wannan kada a ɓoye wa kowa. Sannan ya cike gidajen ɗaya bayan ɗaya, mahaifin yaron na kallo. Na farko AS. Na biyu AS. Na uku da na huɗu ma AS.